Sai Tunkuza Ta Kama

Sallama gare ku masu bibiyata, da waɗanda suka rubuto cewa in daina ja musu rai, da waɗanda suka ce in rabu da Tajuddeen in huta. Duk na gani. Ke kuma da kika ce kakata ta cika fitina, Allah ya ba ki irinta, ranar nan za ki gane.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Suwaiba, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ofishin kamfanin matsar man gyaɗa na Alhaji Labbo a nan Gusau. Kakata Inna Asabe ce ta rene ni a 'Yankuzo, ƙasar Tsafe. Da ƙuli-ƙuli ta yi mini makaranta tun daga firamare har jami'a, kuma ita ce uwar masu ƙuli na yankinmu kaf. Tajuddeen kuwa injiniyan kamfaninmu ne, ɗan Furfuri, dogo mai sanyin magana, shekara biyu ke nan yana nemana.

Matsalar ita ce, shi ya kafa sabon injin matsa bara. Injin nan in ya kama gyaɗa ba ya sakinta sai ya tsotse ta tas. Mai ya ƙaru, Alhaji ya yi ta sa masa albarka a gaban ma'aikata. Amma tunkuzar da ke saura, wadda su Inna ke saye su murza su soya, sai ta koma kamar yashi. Ba ta haɗuwa a hannu, in an jefa ta a mai sai ta watse.

Magabatan Tajuddeen sun sa Asabar ɗin nan za su zo neman aurena. Ranar Lahadi na kira Inna in tuna mata.

"Su zo mana," in ji ta. "Hanya ta gwamnati ce, zaure na Hamidu ne. Amma tabarmata ba ta shimfiɗuwa ga dangin wanda ya kashe mini tunkuza."

"Inji ne fa, Inna."

"Injin shi ya kawo kansa? Ƙafa gare shi?"

Na kira Kawu Hamidu, shi ne waliyyina. Ya yi gyaran murya har sau uku sannan ya ce, "Ni dai, Suwaiba, abin da Inna ta ce." Mutum mai jikoki ke nan, mai gemu fari. To kun ji inda muka tsaya.

Bari in gaya muku aikina, don ku san ba zaune na yi ba. Kowace Litinin ina rubuta wa Alhaji shafi ɗaya da muke kira rahoton waje, wato abin da ke faruwa bayan katangar kamfani wanda zai iya shafarmu. Tsarin da na tarar shi ne: layi na ɗaya farashin gyaɗa a kasuwanni, na biyu halin da hanya take ciki, na uku abin da manyan diloli suka ce. Sauran duk abin da ya rage ya biyo ƙasa. Alhaji yakan ɗaga tabarau bisa goshi, ya karanta uku na sama, ya ce "Madalla," ya ɗora kofin shayi a kan takardar. Koken matan ƙuli yana layi na huɗu tun wata takwas da suka wuce. Na san wurin da kyau, nan ne daidai gindin kofi yake sauka.

Mutane na son cewa in jama'a suka yi ca a kan abu, dole manya su ji. Ni ma haka aka koya mini a makaranta, har na rubuta shi a jarrabawa na ci. Ƙawata Huseina ta ɗauki bidiyon tunkuza tana watsewa a kasko ta sa a intanet, mutum dubu arba'in suka kalla, har da masu kuka a ƙasa. Monica, sakatariyar Alhaji, ta kai masa wayarta da rawar jiki. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙa mata ya ce, "Cikin dubu arba'in ɗin nan, mutum nawa ne ke sayen jarka a wurinmu?"

Amma don kada a ce bai yi komai ba, sai ya tura manaja 'Yankuzo da kalanda da jarkar mai biyu. Manaja ya sauka ƙofar mai gari, aka tara dattawa maza, aka sha ruwa, aka tambaye su ko akwai matsala. Suka ce babu, Allah ya ƙara wa Alhaji arziki. Cikinsu babu wanda ya taɓa murza ƙuli ko sau ɗaya, ci kawai suka iya. Manaja ya dawo ya rubuta "an sasanta." Matan ba su ma san an zo ba sai da suka ga sabuwar kalanda a zauren mai gari.

Daga ranar Inna ta kife kaskonta. Sauran mata suka kife nasu. Da na ce mata wannan ai yajin aiki ne, sai ta ce, "Wane yaji? Hutawa muke. An hana tsohuwa hutu?"

Sati biyu suna hutawa. Ni kuwa ina ta ƙirga kwanakin Asabar.

Ranar Alhamis na shiga ofis da atamfata ruwan goro mai zanen ganye da mayafi ruwan madara, wanda Tajuddeen ya taɓa cewa yana sa ni kama da malamar asibiti, ban san yabo ne ko tsiya ba. Ban ko ajiye jaka ba Monica ta yafito ni.

"Zo ki ga baƙi. Sarkin Fawa ne da kansa, da dattawa biyu. Sun shiga ba su ko jira na sanar ba."

Ƙofar a buɗe take, muka leƙa. Sarkin Fawa ya kwance wata takarda a kan teburin Alhaji, a kan fayil-fayil ɗin. Tsire ne, tsinke biyar, jajir, ba ɗigon garin ƙuli a jikinsa.

"Alhaji, bismilla."

"Sarki, wannan fa? Nama tsirara?"

"Shi muke sayarwa yau kwana biyar. Garin ƙuli ya yanke daga Tsafe, wanda ake kawowa daga nesa kuma kafin ya iso ya yi warin buhu. Yarana ɗari da wani abu na tsaye bakin tukuba suna ba mutane haƙuri. An ce mini daga injinka abin ya taso."

Jama'a, sahu ɗaya suke sallah Sarkin Fawa da Alhaji shekara ashirin. Abin da wata takwas na rubutuna bai yi ba, da mutum dubu arba'in, tsinke biyar suka yi shi kafin shayi ya huce. Cikin minti goma sha biyar an tara mu: manaja, Tajuddeen, Monica da littafinta, ni da fayil ɗina.

Manaja ya fara da dabara. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, mu niƙa busasshiyar tunkuzar da kanmu mu ba mahauta gari kai tsaye, ba sai an bi ta kan mata ba. Sarkin Fawa ya dube shi sama da ƙasa.

"Wadda ba a soya ba? Yaro, mutane muke ciyarwa, ba tumaki ba."

Alhaji ya buga tebur. "To me ya sa ba wanda ya gaya mini wannan magana?"

Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Tana cikin rahoto, Alhaji. Layi na huɗu."

"Tun yaushe?"

Na zaro takardun na jera masa, talatin da wani abu, kowace da zoben shayi a wuri ɗaya. Ya saukar da tabaransa, ya duba ta farko, ya duba ta ƙarshe. Na ga ya janye kofinsa gefe. Sannan ya juya ga Tajuddeen.

"Injiniya, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Alhaji. Injin na matsewa fiye da yadda ƙuli ke so. Sai an bar wa tunkuza ɗan mai kafin ta kama."

"Wa ya san matan nan? Da wa ake magana?"

Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya rufe bakin Monica. Bai rufe ba.

"Alhaji, ai shugabarsu kakar Suwaiba ce," ta faɗa tana murmushi kamar ta yi mini alheri. Ta so ta ƙara da wani abu tana kallon Tajuddeen, na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Alhaji ya sa na kira Inna, na buɗe murya kowa na ji. Sai da wayar ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa.

"Suwaiba, in maganar Asabar ce na riga na gama."

"Inna, ba ni kaɗai ba ce, mai kamfani ne zai yi magana."

"Salamu alaikum, Hajiya. Labbo ne."

"Wa alaikumus salam. Hajiya dai ban je ba tukuna, in kai za ka kai ni, bismilla. Asabe nake. Ashe akwai mai baki a kamfanin ga? Na zaci inji ne kaɗai."

Sarkin Fawa ya kece da dariya har hularsa ta karkace. Alhaji ma ya yi, ta dole. Ya ba ta haƙuri, ya ce ai ya aiko manaja kwanaki.

"Wurin wa? Mai gari na suya ne? In kana son sanin zafin kasko, mai kasko ake tambaya. Ka ji, Labbo, ni ban son kalanda, na san ranakuna. A gyara tunkuza a kawo mini in jefa a mai in gani da idona. Kuma wanda ya ɓata ta shi zai kawo, shi zai murza da hannunsa."

Ta kashe waya ba sallama.

Alhaji ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce wa Tajuddeen ya sassauta injin mataki ɗaya ya cika buhu, ya sassauta mataki biyu ya cika wani, gobe da safe mu kai. "Kada ka wuce biyu," ya ce, yana nuna shi da biron. "Duk matakin da ka sassauta, maina ne ke tafiya a cikin tunkuza."

Bayan la'asar saƙon Tajuddeen ya shigo.

"Ranki ya daɗe, wace riga ake sawa a je kotun Inna?"

"Wadda ka gaji da ita."

"Ango ba ya zuwa gaban surukai da tsumma."

"Ba ango aka kira ba, mai laifi aka kira."

Ya turo hoton fuska mai hawaye. Na turo masa kasko.

Juma'a da hantsi muka kama hanyar Tsafe, lokacin da motoci suka yawaita, a motar kamfani mai buɗaɗɗen baya. Tajuddeen ya zo da farar shadda sabuwa kar, ɗinkin wuya ruwan toka, da hula zanna, yana ƙamshi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na dube shi na ce Allah ya jiƙan shadda. Sai da na waiga baya na ga buhu uku.

"Tajuddeen, na ukun fa?"

"Mataki uku. Daidai yadda tsohon inji ke fitarwa."

"Alhaji ya sani?"

"Allah ya sani."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Dawa ta yi kai a gonaki dama da hagu, wasu har sun fara yankan gero. Can ya ce, idonsa a kan titi, "Suwaiba, tun watan farko na san abin da injin nan ke yi. Na ga tunkuzar, na taɓa ta. Amma Alhaji ya yabe ni a gaban mutane, yabon ya yi mini daɗi, sai na ce wa kaina matan za su saba."

Na san za ku ce in gaya muku ko na ji haushinsa. Na ji. Amma a raina na ce namijin da zai faɗi wannan ba a tambaye shi ba, ana iya zama da shi.

Mun tarar Inna ta riga ta shirya kotunta a filin da ke bayan zaure, ƙarƙashin darbejiya. An hura murhu, babban kaskonta baƙi na bisa, mai na motsi a ciki. Mata sun kai goma sha biyu, kowace da kujerarta, wasu da goyo. Inna na tsakiya da zanen saƙi da ɗankwalin da take ɗaurawa in za ta yi faɗa. Kawu Hamidu ya leƙo daga zaure, ya amsa gaisuwa, ya koma da sauri kamar wanda ya bar abu a wuta.

Tajuddeen ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau. Kai ne mai injin? Na zaci ƙato ne. Aishatu, ba shi kujera."

Aishatu maƙwabciyarmu ta tura masa 'yar kujerar tsugunno, ya zauna gwiwoyinsa har kusa da kunne. Aka ɗebo daga buhun farko, aka yayyafa ruwan zafi, aka sa gishiri, aka tura masa akushi.

"Murza."

Ya naɗe hannun riga ya dunƙula, ya murza, abin ya zube ta tsakanin yatsunsa a kan shadda. Ya sake, ya sake zubewa. Mata suka ɗauki shewa.

"Hannun biro ne, Inna, a yi masa uzuri!"

"Ba hannunsa ba ne," in ji Inna. Ta ɗebi kaɗan ta murza da nata hannun da ya shekara hamsin yana wannan aiki, ya zube mata ita ma. "Kun gani? Wata takwas abin da muke sha ke nan. Kawo na biyu."

Na biyu ya haɗu. Tajuddeen ya yi wani abu mai kama da zobe, karkatacce, Aishatu ta ce wannan ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci. Inna ta karɓa ta zura a mai. Kowa ya miƙa wuya. Ya yi kumfa, ya fara ja, na fara cewa alhamdu lillahi a zuci, sai ya tsage biyu, ya tsage huɗu, ya bazu a ƙasan kasko. Inna ta sa matsami ta kwashe ɓurɓushin. Zufa ta jiƙe wuyan Tajuddeen, tabon mai ya yi masa uku a ƙirji.

"Akwai saura?"

"Akwai, Inna."

Da ya dunƙula na ukun ni kaina daga nesa na ga bambanci, hannunsa ya yi sheƙi. Ya murza ya yi tsawo ya lanƙwasa, bai karye ba. Inna ta jefa. Ta jefa na biyu, na uku, har goma. Suka nutse, suka taso, suka yi ja kamar ƙasar tukwane, ba wanda ya ko tsage. Ƙamshin da na tashi a cikinsa ya cika gidan, har Kawu Hamidu ya sake leƙowa. Wata ta rangaɗa guɗa, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Tukuna. Sai ya huce."

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya zaro da yatsa biyu saboda mai, na hango sunan: Alhaji. Ya miƙe zai fita, Inna ta ce, "Zauna. Mu ma muna da kunne. Buɗe murya."

"Injiniya, yaya? Wanne ya kama, na ɗaya ko na biyu?"

Tajuddeen ya dube ni. Wallahi da ya ce na biyu ba wanda zai ƙaryata shi a wurin nan, ni ma ban san ko zan iya ba.

"Na uku, Alhaji."

"Na uku? Na ce ka yi na uku?"

"Ba ka ce ba, Alhaji. Ni na yi, don na san biyun ba za su kama ba. In aka ware wa mata rana ɗaya a sati a mataki uku, ya ishe su, sauran kwanakin injin ya matsa yadda kake so. Amma ƙasa da haka ba ƙuli, gara in faɗa maka yanzu."



"Ka same ni ofis ranar Litinin, ƙarfe takwas," in ji Alhaji, ya kashe.

Na san Alhaji. Wannan muryar da ita yake ƙara wa mutum girma, da ita kuma yake sallamarsa, ko Monica ba ta iya bambancewa. Tajuddeen ya mayar da waya aljihu, ya ƙara wa shadda tabo na huɗu.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki ƙuli ɗaya daga faifai, ta hura, ta kai gefen bakinta inda sauran haƙoranta suke, ta gartsa. Ƙaras! Har mai goyo ta bayan can ta ji. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta miƙa masa ragowar.

"Mutanenka na Furfuri, su nawa ne goben?"

Ya ce, "Su shida ne, Inna."

"Hamidu!" ta ƙwala wa zaure kira. "Fito da babbar tabarma a kakkaɓe." Ta juyo gare shi. "Kai kuma ka gaya musu su zo da haƙoransu."